Filin jirgin Leeds Bradford, daga bakin fasinja kuma maƙwabci

Tun ranar da na ɗora hoton jirgin nan da ya ratsa ta saman rufin gidanmu 'yan uwa suke ta turo min tambaya, wasu ɗalibai ne da suka zo karatu Bradford da Huddersfield, wasu kuma masu aikin kula da tsofaffi ne a Leeds, kowa tambayarsa ɗaya, wai shin filin jirgin nan na kusa da mu yana da wani amfani ko dai mutum ya haƙura ya kama hanyar Manchester kamar yadda kowa ke yi. Na amsa wa mutum biyar ɗaya bayan ɗaya, sai na ga gara in zauna in rubuta gaba ɗaya. Shekara huɗu kenan ina zaune a Yeadon, Yidon ake faɗa, garin da filin jirgin yake a cikinsa, daga ƙofar gidanmu zuwa shingen filin tafiyar ƙafa ce ta minti goma sha biyar. Na tashi daga nan na sauka a nan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma kullum ina kwana ina tashi da ƙararsa, don haka bakina biyu ne a wannan magana.

Idan maki ake so tun daga farko, a matsayina na fasinja na ba shi huɗu cikin biyar. Tsarin da aka yi na sauraren maƙwabta kuma na ba shi uku, kuma ukun nan ma rabinsa na mutanen garuruwan ne da suka ƙi yin barci a kan haƙƙinsu.

Filin ƙarami ne, titin jirgi ɗaya, ginin fasinja ɗaya, wajen mutum miliyan 4 ne suke bi ta cikinsa a shekara. Ƙanƙantar nan ita ce daɗinsa. Wanda ya taɓa jan akwati biyu da goyon yaro a Heathrow yana neman ƙofar jirginsa ya san abin da nake nufi, a nan kana shiga kana hango inda za ka ba da kaya, ka wuce bincike, ka zauna, ba wani jirgin ƙasa na cikin gida ba wata tafiyar rabin awa. Yawancin jiragen na masu zuwa hutu ne, Jet2 wadda hedikwatarta ma a nan filin take, da Ryanair da TUI, Sifaniya da Girka da Turkiyya da sauransu, sai Dublin da Belfast. Amma mu abin da ya fi shafarmu shi ne KLM mai zuwa Amsterdam, don daga can ne ake haɗawa da jirgin Legas ko na Accra. Na bi wannan hanyar sau biyu zuwa gida, na ba da kayana a nan Yeadon ban sake ganinsu ba sai a Legas, kuma wallahi ranar da na dawo na sauka cikin minti arba'in ina falona ina shan shayi, abin da in ta Manchester ne sai na ƙara awa biyu ko fiye a hanya ga gajiya ga kaya. Dattawanmu na Kano sun san KLM sosai tunda ta shekara da shekaru tana sauka a filin Malam Aminu Kano kafin ta daina, da na gaya wa Baba da ita na zo sai da ya ce ashe tana nan.

Abu ɗaya dan Allah, mai fasfon Najeriya ko Ghana ya binciki maganar bizar wucewa ta ƙasashen Turai na yankin Schengen kafin ya biya kuɗin tikiti, ƙasashen biyu suna cikin jerin waɗanda ake nema wa ita ko da ba za ka fita daga filin jirgin Amsterdam ba, akwai waɗanda aka ɗauke wa saboda irin takardun da suke riƙe da su, to ka tabbatar kana cikinsu tukuna. Masu niyyar Umara kuma ba jirgin Jidda kai tsaye daga nan, wannan sai Manchester. Jirgin Heathrow ma da British Airways take yi an daina tun 2020.

An buɗe sabon ɓangaren ginin a 2025, cikin aikin fam miliyan 100 da suke yi, wurin zama ya ƙaru, wurin ɗaukar kaya ya fi na da fili. Da can lokacin zafi da sassafe wurin yakan cika maƙil saboda jirage da yawa suna tashi kusan lokaci guda, yanzu an samu sarari. Ma'aikatan da na yi hulɗa da su mutanen kirki ne, irin 'yan Yorkshire ɗin nan masu magana kai tsaye, wata mata a wurin bincike da ta ga uwargida da jariri ita da kanta ta zo ta naɗe mana keken yaron ta tura.

Sai maganar iska, wadda duk wanda zai bi ta nan ya kamata ya sani. Wannan shi ne filin jirgin da ya fi kowane tudu a Ingila, ƙafa 681 sama da teku, a kan tsauni aka yi shi, kuma titin bai fuskanci inda iska ta fi kaɗowa ba, sai ta riƙa bugun jirgi ta gefe. Shi ya sa za ka ga bidiyon jirage suna saukowa a karkace a YouTube, da yawansu a nan aka ɗauka. Lokacin sanyi hazo yakan rufe tudun alhali cikin garin Leeds garau yake, wani lokacin a karkatar da jirgi zuwa wani filin. A watan Oktoba na 2023 lokacin guguwar Babet wani jirgin TUI da ya taso daga Corfu ya zame daga kan titi ya shiga ciyawa wajen sauka, Allah Ya kiyaye ba wanda ya ji rauni, amma sai da aka rufe filin. Idan tafiyarka ta Disamba ce ko Janairu kuma kana da haɗin jirgi a Amsterdam, ka bar tazara mai kyau tsakani, kar ka ɗauki na awa ɗaya.

Zuwa filin kuma ba tashar jirgin ƙasa, mafi kusa su ne Horsforth da Guiseley, an daɗe ana maganar gina sabuwa a kan layin Harrogate. Bas ɗin Flyer ne abin dogaro, A1 daga tsakiyar Leeds, A2 da A3 ta ɓangaren Bradford, kuma suna da wurin ajiye akwati. In mota za ta kawo ka har bakin ƙofa akwai kuɗin sauke fasinja, amma akwai wani wurin da ake tsayawa kyauta na awa ɗaya, ɗan tattaki ne kawai daga can, mu can muke tsayawa in mun je ɗauko baƙo. Tasi kuma ka yi hattara da jirgin asuba, na taɓa yin bukin wani kamfanin tasi tun da yamma don ƙarfe huɗu na dare, huɗu ta yi shiru, huɗu da kwata shiru, waya ba a ɗauka, ƙarshe da ƙafa na ja akwatina cikin yayyafi, ni da nake kusa kenan, ka yi tunanin wanda yake Bradford.

To wannan na fasinja kenan. Abin da ya sa na zauna rubutun nan da gaske shi ne ɗaya ɓangaren, don mu baƙi mukan shigo gari mu yi ta amfani da abu ba mu san rigimar da ke ƙarƙashinsa ba.

Filin nan ba a daji yake ba. Yeadon da Rawdon da Guiseley suna jikinsa, Horsforth da Cookridge suna kudu maso gabas daidai inda jirage ke saukowa bayan sun ratso ta saman birnin Leeds da Headingley, Bramhope da Otley suna ɗaya gefen, sannan in jirgi ya tashi ta arewa maso yamma sai ya haye tsaunin Chevin ya karya hagu ta tsakanin Menston da Burley in Wharfedale, hanyar da aka shata masa kenan don ya kauce wa tsakiyar ƙauyukan biyu. Babbar hanyar mota ta A658 ma ta ƙarƙashin titin jirgin take wucewa, tun da aka tsawaita shi a 1984 ya kai mita 2,250 aka yi mata rami, ina bi ta ciki in zan je aiki, wani lokaci kana shiga jirgi yana gudu a saman kanka. Ni ƙarar ba ta dame ni ba, a Kurna ta Kano na taso, mun saba da jirgin alhazai yana wucewa muna ɗaga masa hannu. Ranar farko da na kira gida daga bayan gida jirgi ya wuce, Hajiya ta yi shiru sannan ta ce, kai yanzu duk faɗin Ingila ba ka samu gida ba sai a gindin jirgi? Na ce Hajiya ai gado na yi. Ta ce to Allah Ya tsare, ka dai riƙa addu'a. Na san abin da ya faɗo mata a rai, duk wanda yake Kano ranar 4 ga Mayu 2002 da jirgin EAS ya faɗa kan gidaje a Gwammaja ya kashe mutum sama da ɗari, na cikin jirgi da na ƙasa, ba zai taɓa ɗaukar maƙwabtaka da filin jirgi abin wasa ba.

Maƙwabciyarmu ta jikin katanga wata dattijuwa ce Baturiya, ta haura saba'in, a garin aka haife ta. Ita ta fara buɗe min ido. Wata safiya a watan Yuni na dawo daga aikin dare, lokacin nan da asuba take yi tun wajen uku rana ta fito kafin biyar, na same ta zaune a ɗan lambunta da kofin shayi da wani ƙaramin littafi mai bangon ja da biro ɗaure da zare. Jirgi ya tashi, ta duba agogon hannunta, ta rubuta. Na gaishe ta na ce lafiya dai? Ta juyo min da littafin, layi-layi, kwanan wata, lokaci, ta ina ya bi. Ta ce min ita fa ba ta ƙin filin jirgin, babanta a masana'antar Avro ya yi aiki lokacin yaƙin duniya na biyu, jikanta kuma yanzu haka yana aikin lodin kaya a filin, abincin gidansu daga nan yake fitowa. Ta ce amma an yi alƙawarin adadi, kuma alƙawari in ba mai ƙirgawa to ba alƙawari ba ne.

Masana'antar da ta faɗa tana nan har yanzu a gefen filin an mai da ita rumbunan ajiya. A nan aka ƙera jiragen yaƙi na Lancaster kusan 700, mutum sama da 17,000 suna aiki, aka lulluɓe rufin da ciyawa aka jera shanun bogi a kai ana matsar da su don jiragen Jamus su ɗauka gona ce. Filin kansa tun 1931 aka buɗe shi. Wato mutanen nan da filin jirgin tare suka girma, ba baƙin juna ba ne, shi ya sa in ka ji suna ƙorafi kar ka ɗauka irin mutanen nan ne da suka tare jiya suka fara neman a tashi kowa.

Adadin da take nufi shi ne na jiragen dare. A 1994 aka ba filin izinin aiki dare da rana, amma da sharaɗi, daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe ana lissafa shi dare ne, kuma sawun tashi da sauka a wannan tsakanin kada ya wuce 2,800 a zangon zafi, 1,200 a zangon sanyi. Ka lura da bakwai na safen nan, don a nan duk rigimar take. Kamfanonin jirage masu araha suna son jirginsu ya tashi ƙarfe shida ya je Sifaniya ya dawo ya sake komawa ya dawo tsakar dare, da haka suke cin riba, da haka ni da kai muke samun tikiti mai sauƙi. To duk jirgin shida da kwata ɗin nan da muke rububi, a takarda jirgin dare ne, kuma a kunnen mai barci a Horsforth ma jirgin dare ne.

Su waye ke sa ido? A dokar Birtaniya ta sufurin jiragen sama ta 1982, sashe na 35, an wajabta wa filayen jirgi irin wannan su samar da hanyar tuntuɓar ɓangarori uku, masu amfani da filin, da ƙananan hukumomin da ke kewaye, da ƙungiyoyin da ke wakiltar mazauna yankin. Daga nan aka samu abin da ake kira kwamitin tuntuɓa, kusan kowane filin jirgi mai girma a ƙasar yana da nasa, na nan ma yana da shi, suna zama lokaci-lokaci a shekara, kansiloli da wakilan ƙauyuka da shugabannin filin a teburi ɗaya, kuma ana sa rahoton zaman a shafin intanet kowa ya karanta. Na zauna na karanta da dama a wayata lokacin hutun aiki, kuma gaskiya abin ya burge ni, a ce wakilin ƙauyen da bai kai wata unguwa ɗaya a Kano ba zai zauna gaban shugaban kamfani ya tambaye shi me ya sa jirage suke kaucewa hanyar da aka shata, a ba shi amsa, a rubuta, in ba a gamsu ba a sake tayar da maganar a zama na gaba. Wannan abu ne mai kyau kuma ba zan rage masa daraja ba. Akwai kuma hanyar kai ƙorafin ƙara, ka ba da rana da lokaci su duba na'urarsu su gaya maka wane jirgi ne da inda ya bi.

Amma kwamitin ba shi da haƙori, kuma ba laifin mutanen da ke cikinsa ba ne, haka aka gina shi. Ƙa'idojin da ma'aikatar sufuri ta fitar a 2014 sun faɗa ƙarara cewa irin waɗannan kwamitoci ba su da ikon zartarwa, shawara ce tasu, a ji ko kar a ji. Ba za su iya hana jirgi ɗaya tashi ba, ba za su ci tarar kowa ba. Sannan ita dokar 1982 ɗin dai, a sashe na 76, ta toshe hanyar kai ƙara kotu a kan ƙarar jirgin da ke tafiyarsa bisa ƙa'ida, wato in maƙwabcinka ya ƙure kiɗa da dare kana iya kiran kansil su zo, amma in jirgi ne ba ruwansu. Heathrow da Gatwick da Stansted gwamnatin tsakiya ce da kanta take tsara musu dokar jiragen dare, sauran kuwa an bar su da sharuɗɗan izinin gini na ƙaramar hukumarsu. An taɓa kafa wata hukuma mai zaman kanta ta sa ido kan ƙarar jirage, ICCAN, a 2019, ba ta yi shekara uku ba aka rufe ta a 2021. To ka ga duk nauyin ya dawo kan takarda ɗaya ta sharaɗi da ke ofishin majalisar birnin Leeds.

Kuma a nan akwai wani abu da yake ci min rai. Majalisar Leeds ce mai ba da izini, ita ce mai hukunci. Amma Menston da Burley, waɗanda jirgi ke bi ta kansu yana hawa da cikakken ƙarfin inji, a ƙarƙashin Bradford suke. Kansilan da suke zaɓa ba shi da ƙuri'a a ɗakin da ake yanke maganar barcinsu. Da can wannan bai yi tsanani ba don filin mallakar ƙananan hukumomi biyar ne na Yammacin Yorkshire, Leeds da Bradford kowacce kashi 40, Wakefield da Calderdale da Kirklees suka raba sauran, ko ba komai mai filin kai ka zaɓe shi. A 2007 suka sayar wa kamfanin Bridgepoint a kan fam miliyan 145.5, a 2017 ya koma hannun AMP Capital, masu zuba jari ne da amanar kuɗin mutane a wuyansu, aikinsu su nemo riba kuma ba abin kunya ba ne, sai dai mutumin Menston in ya ce kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ba zan ce ya yi ƙarya ba.

Na zo garin ana tsakiyar rigimar sabon gini. Filin ya nemi izinin gina sabuwar tashar fasinja ta fam miliyan 150, da burin kai fasinja miliyan 7 a shekara, kuma a cikin takardar akwai neman a rage awannin da ake kira dare, rana ta fara daga 6 na safe ta kai 11 da rabi na dare. Mutane da yawa ginin suka gani a hoto, gilashi fes, suka ce ai ci gaba ne, mazauna kuwa awa ɗaya da rabin nan suka gani. A Fabrairun 2021 kwamitin tsare-tsare na Leeds ya amince, duk da cewa ita majalisar ce ta ayyana dokar ta-ɓaci kan sauyin yanayi a 2019. Wata ƙungiyar mazauna mai suna GALBA ta tsaya kai da fata, suka tara kuɗi daga aljihun jama'a suka ɗauki lauyoyi, malaman jami'a da wasu 'yan majalisa suka sa baki, har a Janairun 2022 minista Michael Gove ya ce a dawo da maganar gaban gwamnati a yi binciken bainar jama'a. Wata biyu bayan nan, a Maris, filin ya janye takardarsa, ya koma kan wani tsohon izinin faɗaɗa ginin da yake da shi, wanda shi ne sabon ɓangaren da na yaba a sama. Dare ya ci gaba da zama 11 zuwa 7.

Sai kuma babbar, wadda ta sa na daina yi wa littafin dattijuwar nan kallon abin tsufa. A zangon zafi na 2022, da aka fito daga kullen korona kowa ya yunƙuro tafiya, 'yan GALBA suka bi bayanan jirage suka ƙirga da kansu, suka kai wa majalisar Leeds ƙorafi cewa an wuce adadi. Majalisa ta yi bincike, a Yunin 2023 ta fitar da sakamako, sawu 3,667 aka yi a daren wannan zangon alhali iyakar zangon a wannan shekarar 2,920 ce in an haɗa da ragowar da aka yarda a ɗauko daga zangon baya, wato an haura da sawu 747. Aka ba filin takardar gargaɗin karya sharaɗi, shugabansa Vincent Hodder ya ba da haƙuri ya ce kuskure ne, majalisa ta ce za ta riƙa duba alƙaluman wata-wata. Na yaba da ba da haƙurin, ba kowane shugaba ne zai fito ya ce mun yi kuskure ba. Amma ka duba ta inda maganar ta fito. Akwai kwamiti, akwai majalisa, akwai na'urori, sai da 'yan sa-kai, ritayayyu da iyaye mata da malaman makaranta, suka zauna da kwamfutarsu suna ƙirga jirgi ɗaya-ɗaya sannan aka motsa. Kuma a lokacin, tarar da doka ta tanada in an ƙi bin irin wannan takardar gargaɗi ba ta wuce fam 2,500 ba, kuɗin tikitin iyali biyu zuwa hutu, sai a 2024 aka cire wa tarar iyaka.

Bayan nan filin ya shigar da wasu takardu yana neman a tabbatar masa da tasa fassarar sharaɗin, musamman cewa sababbin jirage marasa ƙara sosai da waɗanda suka makara ba da son ransu ba bai kamata a sa su cikin lissafi ba, majalisa ba ta yarda da duka ba, maganar ta kai gaban sufeton tsare-tsare na gwamnati a 2025. Kuma in za a yi adalci hujjarsu ba ta banza ba ce, sharaɗin an rubuta shi ne da jiragen 1994 a rai, jirgin yau ya fi na wancan lokacin shiru nesa ba kusa ba, ni kaina ina iya bambance sabon jirgin Boeing 737 da tsoho daga kicin. Sai dai shiru a na'ura daban, shiru a ɗakin kwana da taga a buɗe a watan Yuli daban, gidajen nan ba su da AC, zafi ya zo dole ka buɗe taga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In za a sauya adadin ni a ganina a fito fili a nemi sabon izini, a kira mutanen Horsforth da Menston su faɗi nasu, a yi ƙuri'a a gaban kowa, ya fi a bi ta hanyar fassarar kalma.

Ba na cikin masu cewa a rufe filin ko a hana shi numfashi. A layinmu kaɗai na san gida uku da suke ci daga nan, akwai 'yan uwanmu 'yan Afirka da suke aikin shara da tsaro da tuƙin bas a ciki, kuma Leeds birni ne babba da bai kamata a ce komai sai an je Manchester ba. Ranar Lahadi in yanayi ya yi kyau mukan kai yara tafkin Yeadon, ruwa ga agwagi ga jirgi yana tashi ta bayan bishiyoyi, ko mu tsaya a Cemetery Road inda masu kyamara suke taruwa, ɗana ya san jirgin KLM da shuɗinsa tun daga nesa yana ihu wai jirgin gidan Hajiya. Wannan ma wani abu ne da filin yake ba garin kyauta.

Akwai kuma laifin da namu ne mu fasinjoji, ba na filin ba. Mutane suna gudun kuɗin fakin sai su zo su ajiye mota a layukan unguwa su ja akwati su tafi hutun sati biyu, tsohuwa ta dawo daga asibiti ta rasa inda za a sauke ta a ƙofar gidanta. Har wani ɗan uwa ya taɓa kirana wai zai bar motarsa a layinmu ya tafi gida wata guda, na ce masa Malam ka yi haƙuri, kawo ta cikin harabar gidana in matsar da tawa, amma ba a ƙofar mutane ba. Mu da aka karantar da mu cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado, bai dace a ce da mu ake wannan ba.

Wanda yake zaune a ɗaya daga garuruwan nan, ko haya yake yi ko ɗalibi ne, yana da bakin magana, ba sai mai fasfon Birtaniya ba. Ka san sunan kansilan unguwarka, ka buɗe rahoton kwamitin ka karanta ko sau ɗaya, in jirgi ya wuce a lokacin da ka ga bai dace ba ko ta inda bai saba bi ba ka rubuta rana da minti ka aika, don da irin waɗannan ƙananan rubuce-rubucen ake haɗa alƙaluman da ake ɗorawa a teburi. Wanda kuma yake neman gida a yankin ya je ya tsaya a layin da ƙarfe shida na safe a ranar Asabar ta lokacin zafi kafin ya sa hannu a takardar haya, ba da azahar ɗin Talata a watan Nuwamba ba lokacin da dillali zai kai shi.

Watan jiya da na zo sayen tikitin Dublin don ziyarar ƙanina akwai na sassafe kafin bakwai, akwai na wajen hantsi, na hantsin ya ɗara da 'yan fam kaɗan, shi na ɗauka. Da na faɗa wa dattijuwar ta saman katanga sai ta yi dariya ta ce jirgin safen ai zai tashi ko da ni ko ba ni, na ce na sani Mama. Ta ce to in na dawo in zo in taya ta, idonta ya fara ba ta wahala wajen karanta agogo, jikanta ya saka mata wata manhajar bin jirage a waya amma ba ta gane kanta ba. Ranar Asabar mai zuwa bayan na taso daga aiki za mu zauna in nuna mata.